Sai An Saki Gonaki

Ku da kuke bina a wannan shafi, ku yi mini afuwar shirun da na yi. Wannan karon ba rezo, wato sabis ɗin waya, ne ya hana ni rubutu ba, hankalina ne ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Zuhaira, ɗinki nake yi a wani ƙauye yamma da Gangara, daidai inda gonakin ƙasar Tanut suke ƙarewa na Balbeji su fara. Kuma ina jin duk faɗin yankinmu na Damargu ni kaɗai ce macen da ta duƙufa roƙon Allah a yi saki tun ba a ɗaura mata aure ba.

Gwaggo Tabawa ce ta fara kama ni, ƙanwar Babana, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Ta ji ni bayan la'asar ina ta "Allah ka sa a saki, Allah ka sa a saki," sai ta dire faifan da ke hannunta.

"Ke 'yar nan, tofar da yawun bakinki! Mata na neman tsari da kalmar nan, ke kina janta da carbi?"

Bari in warware muku. A nan wurinmu, in damina ta kama, makiyaya kan haura arewa da dabbobinsu su bar wa manoma ƙasa. Ba sa gangarowa sai hukuma ta sa rana, an shelanta a rediyo cewa an saki gonaki. Daga ranar nan, duk kara da harawar da aka bari a fili rabon dabba ne. Kafin ranar kuwa, ko akuya ɗaya ce ta tsallaka kunya, ɓarna ce, sai gaban mai gari, wani lokaci har ta wuce can. An yi wata shekara ina ƙarama da aka zubar da jini a kan haka, har yau in na tuna tsigar jikina tashi take.

To Attahir ɗan makiyaya ne, Ba'abzine. A kasuwar Gangara na fara ganinsa, ya kawo mini baƙin yadi in ɗinka wa ƙanwarsa riga. Na ce ina awonta? Ya dube ni ta saman amawalin rawaninsa ya ce, "Kamar ke take. Sai dai ba ta kai ki faɗa ba." Ban yi dariya a gabansa ba, amma rigar nan sai da na warware wuyanta na sake don kawai ta yi kyau. Daga nan ya riƙa kawo ɗinki har na fara zargin duk matan zuriyarsu tsumma suke yawo da shi kafin ya san ni.

Da ya aiko da maganar aure farkon damina, Babana, Malam Mailafiya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Ba na maganar aure da mai dabba alhali amfanina na tsaye a gona. In an saki gonaki, manyansa su zo." Wanda ya san Baba ya san ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta.

Gwaggo kuwa dama tana da nata a hannu: Mukhtar, ɗan dangin mijinta, mai aikin ofis a Damagaram, mai gida da famfo a tsakar gida. Kullum sai na sha labarin famfon nan.

"Ƙannenki na goye da 'ya'ya, ke kina zaune kina jiran mai raƙumi," in ji ta. "Mu a zamaninmu, saurayi sai ya tara abokansa ya kawo wa uban yarinya gayya, su yi masa noma ko roron wake, a nan ake sanin suruki. Shi wannan naki ya taɓa duƙawa a gona? Ko kalmen noma ya san ta inda ake riƙe shi?"

Ba a yi mini dole, in faɗi gaskiya. Amma na ji Baba da kunnena yana gaya mata cewa in kakar nan ta wuce mutanen Attahir ba su zo yadda ya ce ba, zai saurari mutanen Mukhtar, shi ya gama jiran kowa.

Sai ga shi bana ruwa ya makara. Shukar farko ta ƙone, aka sake wata. Hatsi dai an yanke an ɗaure, amma wake yana nan shimfiɗe a gona, rabi ya bushe rabi ɗanye shar. Manoma suka ce a ɗaga ranar saki. Kun san wa suka zaɓa ya je Tanut wurin taron furefe, shugaban gunduma, ya yi magana da yawunsu? Babana. Da hannuna na wanke masa shuɗiyar rigarsa mai aikin wuya, na sa gawayi a dutsen guga na goge ta tsaf, don ya sa ya je ya roƙi a ɗaga ranar da nake jira. Ya dawo da yamma yana cewa alhamdulillahi an saurare su. Na ce "Madalla, Baba," na shige ɗaki na cusa fuskata cikin tulin yadin mutane.

Attahir ba ya samun rezo sai ya hau wani tudun rairayi nesa da masaukinsu, don haka saƙonsa na murya yakan zo mini ne a dunƙule, bayan kwana biyu shiru. Ina sa wayar a kunne in rage sauti, ina taka keken ɗinki don kada Gwaggo ta ji.

"Zuhaira, tafkin ya zama taɓo. Shanu na shiga har gwiwa su fito ba su sha ba. Me ake ciki can wajenku?"

"An ɗaga," na ce masa. Ban gaya masa wanda ya roƙa ba.

"Abba ya ce in aka ƙara ɗagawa ba za mu tsaya mu ga dabba na faɗuwa ba. Za mu yanka ta yamma mu wuce ƙasar Dakoro. In muka bi can, sai baɗi."

Baɗi! Kun ji kalmar nan gajeriya ce, amma da na ji ta sai da allura ta karye mini a cikin rigar amaryar mutane. Tun daga ranar ban ƙara rabuwa da rediyo ba. Ni da ban damu da labarai ba, sai ga ni na san muryar kowane mai shela, na san wanda ke tari kafin ya fara. In aka ce "sanarwa daga hukuma" sai in tsayar da keke in kasa kunne, ashe rigakafin yara ne, ko an tsinci jaki.

Ranar Laraba da hantsi ina kan keke, Gwaggo na tankaɗe a bakin ƙofa, sai mai shela ya ce, "Ana sanar da manoma da makiyaya cewa daga gobe Alhamis an saki gonaki..." Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba, almakashi ya faɗo dab da ƙafata. Sai mai shelar ya ƙarasa: "...a faɗin gundumar Balbeji. Gundumar Tanut kuwa, sai an sake zama."

Na koma na zauna a hankali. Gwaggo ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "Sakin ma na maƙwabta ne." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da a nan abin ya tsaya, da baƙin ciki ne kawai, na saba da shi. Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Saƙon Attahir ne, muryarsa har rawa take don murna, ina jin kukan raƙuma a bayansa.

"An saki, Zuhaira! Abba ya ji da kunnensa a rediyo. Mun ɗaure kaya. Gobe da hantsi muna ƙofar gidanku, ni da Abba da ƙannensa, dabbobi na biye da mu. Ki sa rigar nan da kika ce kin ɓoye. Yanzu zan sauka daga tudu, sai kin gan mu."

Na saurara na sake saurara. Na gane abin da ya faru. Mahaifinsa, tsoho Rissa, ya yi kiwonsa tun Balbeji da Tanut suna ƙasa ɗaya, kafin a raba su gunduma biyu. A wurinsa in an ce an saki a Balbeji, to an saki Damargu ke nan. Kuma burtalin da suke bi ya gangaro ta Balbeji, inda yake fitowa a ɓangarenmu, gonar farko da zai tarar ta Babana ce, da wakenta kwance.

Na kira, ba ta shiga. Na sake kira. Na tura murya: "Attahir, kada ku taho, Balbeji kawai aka saki!" Na rubuta: "Ku tsaya. Ba a saki namu ba." Na ƙara: "Don Allah ka hau tudu." Duk suka jeru a wayata da alama ɗaya ɗaya, ba wanda ya isa. Na fita bayan gida ina ɗaga wayar sama kamar rezon nawa ne ya gaza.

Da dare na zauna gaban tuwo ina ta saƙa da warwara. In gaya wa Baba? In na gaya masa, zai ce ga irin abin da yake gudu. In ban gaya masa ba, ya wayi gari da shanu a cikin wakensa, to ni da Attahir sai dai a lahira. Rigar da ya ce in sa, leshi ce ruwan zuma da na ɗinka tun tsakiyar damina, na yi mata hannu mai faɗi da 'yan duwatsu a wuya, tana ƙasan akwati da turaren wuta a ninkinta. Na buɗe na dube ta, na mayar na rufe.

Da gari ya waye Baba na haɗa buhuna zai tafi roro, na durƙusa a gabansa.

"Baba, mutanen Attahir suna hanya. Da dabbobi."

Ya tsaya da igiya a hannu. "Wa ya ce musu an saki?"

"Rediyo, Baba."

"Rediyon nan da ni ma na ji?"

"Sun ɗauka duk Damargu ce."

Ya ajiye igiyar, ya ɗauki sandarsa, ya fita da sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Na bi shi da zanen aikina da tsohon ɗankwali, ko mayafi ban tuna ba. Gwaggo ta biyo mu da kwanduna a ka tana salati, tana cewa ai dama ta faɗa.

Tun kafin mu isa muka hangi ƙurar. Akwai wata tsohuwar aduwa a bakin burtali, daga ita zuwa gabas ƙasar Tanut ce. Dattawa uku a kan raƙuma sun riga sun wuce ta, rawunansu masu shuɗin rini sai ƙyalli suke, sun sha ado irin na masu zuwa neman aure. Attahir na gabansu a ƙasa cikin sabuwar farar riga, wadda ni na ɗinka. Bayansu kuwa shanu ne da raƙuma da tumaki iya ganin ido.

Gonar Baba a kan ɗan tudu take, nan ne rezo ke kamawa. Ina kallo Attahir ya tsaya cak, ya laluba aljihu. Saƙonnina ne suka faɗo masa gaba ɗaya. Ya sa wayar a kunne. Ko daga nesa na ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Sai ya juya da gudu yana ɗaga hannu yana ihu da yarensu, samarinsu suka zabura da sanduna suna tare garken.

Sun tare mafi yawa. Amma shanun gaba sun riga sun shaƙi ɗanyen ganye, kuma dabbar da ta kwana biyu tana cin ƙasa ba ta jin sanda. Wasu suka kutsa kusurwar gonar. Kafin a fitar da su sun share wuri kamar faɗin tsakar gidanmu, abin da ba su ci ba sun tattake.

Maƙwabcin gonarmu, Sahabi, ya taho yana kumfar baki, waya a kunne. "Na kira jandarma! Wallahi na kira! Yau gonar Mailafiya, gobe tawa!" Ban ga laifinsa ba, shi ma wakensa ke nan abincin 'ya'yansa.

Tsoho Rissa ya durƙusar da raƙuminsa ya sauko. Dogo ne siriri, idanunsa kawai ake gani. Ya miƙa wa Baba hannu, suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, lafiyar gida, lafiyar dabbobi, gajiya, kamar ba ga ɓarna a gefensu ba.

"Malam, mun ji an saki," in ji tsohon.

"An saki na Balbeji."

"Nan ba Damargu ba ce?"

"Damargu ce. Amma daga aduwar can zuwa nan, Tanut ce."

Tsohon ya juya ya daɗe yana kallon bishiyar. "Tun ina yaro nake shan inuwar aduwar nan," ya ce. "Ba ta taɓa gaya mini ta zama iyaka ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ja amawalinsa sama har ya kusa rufe idanu, abin da Attahir ya taɓa gaya mini dattawansu ke yi in kunya ta kama su.

"Mun zo kafin lokaci, laifin kunnena ne. Abin da shanu suka ci, a kai mu gaban mai gari, duk abin da aka yanka mun ɗauka. Ɗayar maganar da ta kawo mu kuwa, mun mayar da ita aljihu. Ba a roƙon mutum 'ya a kan gonarsa da aka tattake."

'Yan uwa, a nan ne na ji hawaye sun zubo mini. Na san in suka juya da maganar nan a aljihu, ba za ta sake fitowa ba.

Attahir bai dube ni ba. Ya tuɓe farar rigar nan ya rataye a reshen wata ƙaya, ya zo gaban Gwaggo ya ɗauki kwando ɗaya daga cikin nata ba tare da ya tambaya ba, ya shiga gonar ya duƙa. Roro ya fara. Roron da bai taɓa yi ba: yana fizgo ɗanye da busasshe, har da ganye da jijiya. Gwaggo ta kalla, ta kau da kai, ta sake kalla, ta kasa daurewa.

"Kai ɗan nan, za ka ƙarasa abin da shanunku suka fara! Busasshe ake ɗauka, mai ƙara in ka taɓa. Kawo in nuna maka!"

Ta shiga ta tsaya a kansa tana faɗa tana nuna masa. Samarinsu biyu suka dubi juna, suka jingine sanduna suka bi shi. Sauran suka kora garken baya can bayan aduwa, ɓangaren da aka saki. Baba ya tsaya yana kallo, fuskarsa ba ta nuna komai. Can sai ya ɗauki buhu ya kama nasa layin, nesa da su. Ni ma na duƙa, amma rabin abin da nake tsinka a ƙasa yake zubewa, idona na kan hanya.

Rana ta kusa tsaka motar jandarma ta iso. Mutum biyu suka sauko, babbansu ya gaishe da kowa cikin ladabi, Sahabi na gefensa yana nuna kusurwar da aka ci.

"Wa ke da gonar?"

Baba ya miƙe yana dafe ƙugu. "Ni ne."

"An ce makiyaya sun shigo maka kafin ranar saki. In kana da ƙara, za mu tafi da mai garken, a tsare dabbobin da suka yi ɓarna har a yi hukunci. Kana da ƙara?"

Attahir ya ajiye kwando ya matso, ya tsaya gaban mahaifinsa, alamar in tafiya ce da shi za a tafi. Gumi ya jiƙa 'yar shararsa, ƙaya ta yayyage masa hannu. Baba ya dubi kusurwar da aka tattake, ya daɗe a kanta, na san yana lissafin wahalar shuka biyu. Ya dubi kwandon Attahir, wanda rabinsa ganye ne. Sannan ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba.

"Gayya ce," in ji Baba.

Jandarman ya ɗaga gira. "Gayya?"

"A garinku suruki ba ya kawo gayya gonar uban yarinya?"

"Yana kawowa, Malam. To shanun fa?"

"Hukuma ba ta saki Tanut ba, na sani, ni na je na roƙa. Amma kusurwar nan tawa ce. Na saki."

Jandarman ya dubi dattawan da rawunansu, ya dubi Gwaggo da ta saki baki, ya yi ɗan murmushi. Ya gargaɗi tsoho Rissa cewa kada kofato ɗaya ya sake wuce aduwa sai an yi shela, tsohon ya ɗora hannu a ƙirji. Motar ta juya. Sahabi ya kaɗa rigarsa ya ce shi bai yarda ba, gidan mai gari zai je, kuma ya kama hanya da gaske. Na san maganar nan ba ta mutu ba, ranar Tanut ma har yanzu da nake rubuta muku ba a sa ta ba.

Amma a lokacin ba Sahabi nake ji ba. Kalma ɗaya ce ke ta yawo a kunnena, wato "suruki", ina tsoron ko don jandarma kawai Baba ya faɗe ta, in sun tafi ya mayar da ita inda ya ɗauko. Ya koma ya duƙa kan layinsa kamar ba abin da ya faru. Na tsaya a bayansa, na kasa tambaya, na kasa tafiya.

Bai ɗago ba ya ce, "Ke kuma me kike yi tsaye gaban surukanki kai ba mayafi? Wuce gida ki ɗora musu ruwan shayi."

Tun da nake, ba a taɓa yi mini faɗan da na ruga da gudu na cika umarninsa ina kuka ina dariya ba sai ranar.